Mudun Wani Gari: Da Me Ake Auna Lafiyar Mutum?

Kowace kasuwa da mudunta, kuma wanda ya auna da mudun wani gari, ko ya cuci mai saye ko ya cuci kansa. Wannan ya faɗo mini a rai ne ranar da na raka kawuna asibiti, bayan ya kamu da shanyewar ɓarin jiki. Manomi ne daga wani ƙauye a gefen Dajin Kamuku, 'yan bindiga suka koro su zuwa cikin garin Birnin Gwari. Ma'aikacin ya ɗauko takardar tambayoyi da Turanci, ni kuwa na zama tafinta.

Takardar nan ita ce ma'aunin Barthel, wanda Florence Mahoney da Dorothea Barthel suka buga a Amurka a 1965. Abubuwa 10 yake dubawa, kamar cin abinci da wanka da sa tufafi da kewayawa da hawan bene, sa'an nan a ba mutum maki daga 0 zuwa 100. Da na ce, "Kawu, wai kana iya hawa bene?" sai ya dube ni ya ce, "Kai yaro, da ina da lafiyar ma ka taɓa ganina a bene?" Maki 10 ke nan rataye a kan abin da babu shi a rayuwarsa. Abin da ke hana shi barci kuwa, wato sujada da tsugunno da sunkuyawa da fartanya, ba wanda ya tambaye shi.

Kada mai karatu ya ɗauka masana sun yi sakaci. In za a mai da irin wannan ma'auni zuwa Larabci ko Hausa, mutum biyu kan fassara shi kowa daban, wasu su sake mai da shi Turanci, kwamiti ya gwama, sa'an nan a jarraba a kan majinyata sau biyu a ga ko amsa za ta zo ɗaya. Haka masana a Kano suka yi wa ma'aunin Oswestry na ciwon baya, wanda ya fito a Ingila a 1980, aka buga na Hausa a 2019. Hujjarsu ta rashin sauya tambayoyi barkatai ma tana da ƙarfi, don in kowane gari ya sassaƙa nasa mudun, yaya likitan Kano zai gane ko maganin da ya yi amfani a Alƙahira zai yi a nan?

To, amma amanar wa mai fassara ya fi cancanta ya riƙe, ta takarda ko ta majinyaci? A ganina akwai abin da ya fi kalma wuyar fassara. Ma'aunin Barthel yana ƙara wa mutum maki gwargwadon yadda ba ya bukatar kowa. A wurinmu kuwa, dattijon da jikansa ke zuba masa ruwan alwala ba a ce ya ragu, cewa ake yi ya haifa. Ban ce dogaro da kai ba kome ba ne; kawu da kansa ya yi hawaye ranar farko da aka kama shi zuwa bayan gida. Ashe taimako iri biyu ne, wani girma ne, wani kuma tozarci, alhali takardar duk kwando ɗaya ta zuba su. Ga kuma kunya. Bahaushe ko yana fama da ajali, ka ce "yaya jiki?" sai ya ce "da sauƙi," balle a zo ga tambayar Oswestry a kan kwanciyar aure.

Shi ya sa na fi karkata ga dabarar da masu koya wa majinyata komawa ayyukan yau da kullum suka fito da ita a Kanada a 1991, inda majinyaci da bakinsa zai faɗi ayyukan da suka dame shi, ya ba kowane maki daga 1 zuwa 10. Da muka koma gida na gwada wa kawu haka. Bai ambaci wanka ko tufafi ba. Ya ce na farko goshinsa ya taɓa ƙasa, na biyu ya ga masararsa ta yi goyo a gonarsa ta daji.