Shin zaman shayi zaman kashe wando ne?

Mai karatu, dattawa kan kira majalisar 'yan shayi zaman kashe wando. Ni kam ban yarda gaba ɗaya ba. Ganyen nan na ƙasar Sin da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi, irin na Buzaye, ai ba Lipton ba ne da za ka tsoma ka wuce. Ɗori uku ake yi masa: na farko ɗaci, na ƙarshe zaƙi, alhali ganyen ɗaya ne. Wanda ya kurɓi na farko ya tashi, tamkar ya kalli rabin fim ne ya yanke hukunci.

Amma fa in kullum hannu kawai kake miƙowa, ko sukari ba ka taɓa saye ba, to da kai dattawan suke.