Wanda Ya Rage Shi Ke Ba Da Labari

Ɗana na fari ne ya bar littafin a kan teburin kicin. Na dawo daga aikin dare, barci ya ƙi zuwa, na haɗa shayi na jawo shi don dai in kashe lokaci. Irin littattafan nan ne na labari cikin zane-zane, waɗanda a da nake yi wa kallon kayan yara. Sunansa The Sandman, wani marubuci ɗan Ingila mai suna Neil Gaiman ya rubuta, kamfanin DC na Amurka ya riƙa fitar da shi kashi-kashi daga 1989 zuwa 1996, har kashi 75. Shayin nan sai da ya huce ban sha ba, saboda na ci karo da wani mutum a ciki wai shi Hob Gadling, kuma har yau bai bar ni na huta ba.

Ga yadda labarinsa yake. A shekarar 1389, cikin wata mashaya a Landan, Hob yana zaune da abokansa yana cika baki cewa shi fa ba zai mutu ba. Ya ga annoba, ya ga yaƙi, ya yanke hukuncin cewa mutane suna mutuwa ne kawai don sun ga kowa na mutuwa. A duniyar littafin, Mafarki da Mutuwa halittu ne masu siffar mutane, kuma 'yan uwan juna ne. Sun ji shi. Sai Mutuwa ta yarda ta ƙyale shi har ranar da shi da kansa zai neme ta, Mafarki kuma ya ce su riƙa haɗuwa a wannan mashaya duk bayan shekara ɗari, Hob ya ba shi labarin abin da ya gani.

Haka kuwa aka yi. A 1489 ya shiga sana'ar ɗab'i, lokacin tana sabuwa. A 1589 ya yi arziki, ya sami sarauta, ga mata ga ɗa. A 1689 ya zo cikin tsummokara: matar ta rasu wajen haihuwa, an kashe ɗan a faɗan mashaya, dukiya ta ƙare, ya yi shekaru yana jin yunwar da za ta kashe kowa amma shi ba ta kashe shi. Mafarki ya tambaye shi ko ya gaji. Ya ce ina, shi har yanzu yana son rai. A 1789 kuma ya dawo fes, cikin kaya masu tsada. Daga ina kuɗin? Cinikin bayi. Yana da hannu a jiragen da ke kwasar mutane daga Afirka zuwa ƙetaren teku. Mafarki ya ce masa abin ba kyau, ya bari. Daga baya ya bari ɗin, kuma a kusa da ƙarshen littafin, sama da shekara ɗari biyu bayan nan, mun gan shi a Amurka tare da budurwarsa baƙar fata, abin yana cin ransa, yana sha yana nadama. Mutuwa ta zo ta sake yi masa tayi. Ya sake cewa a'a.

Mu Hausawa kullum bakinmu na kan tsawon rai. Ranka ya daɗe. Allah ya ja zamaninka. Allah ya ƙara nisan kwana. To ga wanda addu'ar ta kama shi gaba ɗaya. Da farko tambayar da ta zo min ita ce wadda kowa zai yi: shin daɗewar nan alheri ce ko azaba? Amma da na ƙara tunani sai na ga ba nan gizo ke saƙar ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, duk mutanen da Hob ya loda a jirgi sun mutu. 'Ya'yansu sun mutu, jikokinsu sun mutu. Shi kaɗai ya rage, don haka shi kaɗai ke ba da labarin. Ko nadamar tasa ma, daga bakinsa muke jin ta. Babu ko mutum ɗaya da zai miƙe ya ce masa, malam, ba haka aka yi ba.

Na san wannan yanayi, ba a littafi ba. Shekaruna sun haura goma ina aiki a ɗakin kwanciyar tsofaffi. Akwai wani dattijo da ya haura casa'in, mai daɗin hira, duk ma'aikata muna son zuwa gadonsa. In na je auna masa hawan jini cikin dare sai ya riƙe ni da labarin matarsa marigayiya: yadda suka haɗu, yadda ya yi jinyarta, yadda ba su taɓa kwana da fushin juna ba. Wallahi har ƙwalla na taɓa yi. Wata rana 'yarsa, ita ma ta manyanta, ta tsaya da ni a bakin ƙofa tana sa rigar sanyi. Na ce mata ai mahaifinki ya so mahaifiyarki ƙwarai. Ta dube ni, ta yi wani ɗan murmushi, ta ce, "Haka yake faɗa tun da ta rasu." Ba ta ƙara komai ba. Ni ma ban tambaya ba, don ba hurumina ba ne. Amma daga ranar, in yana ba da labarin, sai in riƙa jin shirun matar a gefensa.

Ba ina cewa dattijon maƙaryaci ba ne. Mai yiwuwa shi kansa ya yarda da abin da yake faɗa. Haka ɗan Adam yake: duk lokacin da ka maimaita labari sai ka ɗan goge wani gefe mai kaifi, tun kana sani har ka daina sani. Abin da ke taka mana birki shi ne shaidu, wato matarka da za ta harare ka, ko ƙaninka da zai yi dariya ya ce, kai Yaya, ji tsoron Allah. In shaidu suka ƙare, birki ya tsinke. Shekara talatin ta ishi mutum ya gyara tarihin aurensa. Ina ga mai shekara ɗari shida?

Kar a ce ban yi wa Hob adalci ba, bari in faɗi abin da ke wajensa. Tsawon ran nan ne ya ba shi damar canzawa. Da ya mutu a 1790, da ya mutu yana ɗan kasuwar bayi mai kwanciyar hankali, kamar dubbai irinsa. Tuba na son lokaci. John Newton, mutum na gaske ba na littafi ba, ya yi kyaftin a jiragen bayi na Liverpool, ya bar harkar a 1754, amma sai a 1788 ya fito ya rubuta yana tsine wa cinikin. Shekara talatin da huɗu ke nan kafin zuciya da baki su haɗu. Ya rasu a 1807, shekarar da Birtaniya ta haramta fataucin. Saboda haka ba na raina jinkirin da Allah ke yi wa bawa. Kuma ba na raina son rai. Na ga mai numfashi da taimakon na'ura yana roƙon a buɗe masa labule ya ga rana. Wanda bai tsaya a bakin irin wannan gado ba, ya daina saurin cewa ai gara mutum ya huta.

Sai dai tun muna makarantar allo aka koya mana cewa laifi iri biyu ne. Wanda ke tsakaninka da Ubangijinka, nadama da bari da niyyar ƙin komawa sun wadatar. Wanda ke tsakaninka da mutane kuwa akwai ƙari: sai ka mayar da haƙƙi ko ka nemi yafiyar mai shi. In mai haƙƙin ya riga ka tafiya, magana ba ta mutu ba, an ɗage zaman ne zuwa ranar da za ku tsaya tare. A nan ne na ga abin da Hob ke yi, ko marubucin ya nufa ko bai nufa ba. Duk sanda ya ce wa Mutuwa ba yanzu ba, yana son rai, gaskiya ne, amma kuma yana ƙin halartar zaman da masu ƙararsa ke jiransa. Zai iya yin kuka shekara dubu. Kukan da wanda aka zalunta bai ji ba, wa ya amfana? Ka tuna, a cikin abin da muka karanta, wanda ya fara roƙon a jinkirta masa har ranar tashin ƙiyama ba mutumin kirki ba ne.

A 1781 ma'aikatan wani jirgin Liverpool mai suna Zong suka jefa 'yan Afirka sama da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin kuma suka je neman kuɗin inshora a kan asarar kaya. An yi shari'a, akwai takardu, an san sunayen masu jirgin. Sunayen waɗanda aka jefa fa? Babu. Haka Hausawan da aka kai Bahia ta ƙasar Brazil, har suka yi yunƙurin tawaye a 1807: yawancin abin da aka sani game da su daga rubutun waɗanda suka murƙushe su aka same shi. Ashe ba sai mutum ya ƙi mutuwa ba. Hukuma ma Hob ce, kamfani Hob ne, babban gida Hob ne. Suna daɗewa fiye da waɗanda suka taka, sannan su zauna su ba da labari cikin nutsuwa.

To, nan ne abin ya juyo kaina. A gidan kakata akwai wata tsohuwa da muke kira Iya. Ita ta goye mahaifiyata, ita ta goye ni. Ita ke yi mana tatsuniya bayan sallar isha'i, ita ke raba mu faɗa, ita ke ɓoye min ƙanzo. A baki, 'yar gida ce. Amma ɗakinta na can kusa da madafi, ita ke ci a ƙarshe, kuma ko da wasa ba a taɓa maganar aure tsakanin jikokinta da 'ya'yan gidan ba. Sai da na girma na ji kalmar da ake faɗa ƙasa-ƙasa: uwarta baiwa ce, a gidan aka haife ta. Iya ta rasu, kakata ta rasu, mahaifiyata ta rasu, bara waccan gwaggona ta ƙarshe ta bi su. A nan ƙasar sanyi, duk abin da 'ya'yana suka sani game da gidanmu daga bakina suka ji shi. Kuma me na gaya musu? Na ce Iya wata kakarmu ce mai kirki. Shi ke nan. Na goge gefen mai kaifi, ba wanda ya harare ni.

Na daɗe ina ba kaina uzuri. Yara ne. A makaranta ana koya musu cewa Turawa sun sayar da kakanninsu, ta yaya zan ce musu namu gidan ma ya mallaki mutum? Kuma ai ba ni na yi ba. Gaskiya ne, ba ni na yi ba. Laifin kakannina ba a wuyana yake ba, amma labarin a wuyana yake, tunda ni ya rage wa. A wajen aiki, in zan tashi da safe, dole in miƙa wa wadda za ta karɓe ni bayanin kowane majinyaci: abin da na ba shi, abin da ya ƙi sha, har kuskuren da na yi in na yi. Ba ka gyara bayani don ka fita kunya, saboda wani zai gina a kansa, kuma rai ne a ciki. Abin da ke sa miƙa aikin nan ya zama dole shi ne dutinka na ƙarewa. Hob dutinsa ba ya ƙarewa, shi ya sa kullum yake da gobe. Ni kuwa na rufe idanun mutane da yawa da hannuna, ciki har da waɗanda ba su kai shekaruna ba. Na san goben ba tawa ba ce.

Ran wata Asabar na zaunar da su biyun, na gaya musu. Ban yi wa kakata ƙazafi ba, mace ce mai alheri, kuma ta so Iya a irin son da zamaninta ya sani. Amma na faɗi inda ɗakin yake, na faɗi wanda ke ci a ƙarshe. Ƙaramar ta yi shiru, can ta ce, "Umma, mene ne sunanta na gaskiya?" Na buɗe baki, sai na ga ban sani ba. Matar da ta goye ni a bayanta. Shekara arba'in da 'yan kai ina cewa Iya, ban taɓa tambaya ba.

Jikokinta suna nan da ransu a garinmu. Na sami lambar babbar cikinsu ta hannun wata ƙawata, mun gaisa sau biyu a WhatsApp, gaisuwar nesa-nesa. Ban san yadda za ta ɗauki maganar ba, wataƙila ta ga tonon silili ne, wataƙila ta ce me ya kawo wannan yanzu. Tana da haƙƙin ta ƙi amsa min. Amma na yi niyya, in Allah ya kai mu hutun bana, zan je har gidanta, in zauna a tabarma, in tambaye ta sunan kakarta, sannan in ce ta ba ni labarin gidanmu yadda su suka ji shi. Ni dai na ba da nawa ya isa haka. Wannan karon ita za ta ce ga ta nan, ni in ce ta zo mu ji ta.

Allah ya ba mu tsawon rai mai albarka, ya sa mu sauke haƙƙin mutane tun masu shi na iya cewa sun yafe.