Ɗaure Kaya a Jirgin Ruwa da Mas'alar Tawakkali

Duk abin da ba a ɗaure ba a cikin jirgin ruwa yakan zama haɗari da zarar teku ta tashi. Jirgi ya karkata dama ya dawo hagu, kujera da tebur da akwati su bi gangara, su buge wanda suka tarar. Shi ya sa a manyan jirage ake kafe ƙafafun tebura da ƙusoshi, a saƙale kujeru da sarƙa ko igiya, a sa wa ƙofofin kabad sakata, a ɗaga bakin tebur kaɗan don kada kwanuka su zame. Masu kawo abinci har jiƙa ƙyallen tebur suke yi domin faranti ya kama wuri ɗaya. A Yulin 2008 igiyar ruwa ta jijjiga jirgin yawon shaƙatawa Pacific Sun a arewacin Niyuzilan, mutum 77 suka ji rauni, wasu wajen faɗuwa, wasu kayan ɗaki ne suka auka musu.

Idan kayan masu nauyi ne, abin ya wuce rauni. Nauyin da ya koma gefe ɗaya yakan hana jirgi miƙewa, kowace igiyar ruwa ta ƙara kwantar da shi. Haka ta faru da Pamir, jirgin Jamus mai tafiya da iska, wanda ya ɗauko sha'ir daga Ajantina, mafi yawansa a zube ba a buhu ba. Guguwa ta same shi a Tekun Atilantika a ranar 21 ga Satumba, 1957, hatsin ya gangara gefe, jirgin ya kife. Cikin mutum 86, mutum 6 ne suka tsira.

Tambayar da ke tasowa a nan tsohuwa ce: tunda kwana ba ya wuce ranarsa, me ɗaure kaya zai ƙara? Amsar da aka fi sani tana cikin hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, na mutumin da ya tambaya ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, Annabi (SAW) ya umarce shi da ya haɗa biyun. Alƙur'ani ma, da ya zo kan jirgin Annabi Nuhu a Suratul Ƙamar, bai tsallake alluna da ƙusoshin da aka haɗa shi da su ba, alhali da kiyayewar Allah yake tafiya. Imam Gazali kuwa, a cikin littafinsa Ihya'u, ya kasa sababai kashi uku: wanda aka tabbatar da amfaninsa, wanda ake kyautata zato, da wanda zato ne kawai maras tushe. Barin na farko da sunan tawakkali, a ganinsa, jahilci ne, domin tawakkali aikin zuciya ne, bai hana hannu aiki ba. Ɗaure kaya kafin hadari ya fi kusa da kashin farko.

Sai dai misalin raƙuma bai gama ɗaukar mas'alar ba. Raƙumar da ta ɓace mai ita kaɗai ya yi asara, amma akwatin da ya kuɓuce a jirgi ba ya tambayar wane ne mai shi. Hadisin da ya fi dacewa shi ne na Nu'uman ɗan Bashir a Bukhari, inda aka buga misali da mutanen ƙasan jirgi da suka yi niyyar huda rabonsu don su samu ruwa, aka nuna cewa in na sama suka ƙyale su kowa zai halaka. Mutum na iya yafe kariyar kansa ya kira abin tawakkali, malamai su yi ta saɓani a kai. Ba shi da ikon yafe kariyar wanda ke zaune kusa da shi. Wannan ya shafi kwalekwalen da ke tsallaka Kogin Kwara ranar kasuwa, inda ake jibga babura da buhuna a tsakiyar fasinjoji, in ya kife a ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce kam, amma faɗin haka bai goge tambayar wanda ya yi lodi ba.

Fiƙihu ya raba ƙaddara da sakaci ta fuskar lamuni. Ƙa'ida ita ce wanda aka ba amana ba ya biyan abin da ya salwanta a hannunsa sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Matuƙin da ya ɗaure kaya yadda masu sana'ar suka saba, igiyar ruwa ta fi ƙarfin ɗaurin, ba a ɗora masa laifi. Wanda ya ga hadari ya haɗo ya bar su a sake, ana bin sa, ko da ya yi addu'ar hawa jirgi. Lokaci ma yana cikin hukuncin, domin ɗaurin da ake nufi shi ne na tun jirgi yana tasha ko ruwa yana kwance. Bayan jirgi ya fara tangaɗi, mai ƙoƙarin kama tebur shi ne na farkon wanda tebur ɗin zai danne.