Wane Ɗaki Kika Tanadar Wa Tsofaffinki?



Tun daga dokar 2012, farfesa na ajiye aiki yana da shekara 70, ma'aikacin jami'a da ba ya koyarwa kuwa 65. A Samaru mun san abin da ke biyo baya: a miƙa makullin kwatas na ABU, a kwaso kaya zuwa Hayin Dogo ko Sabon Gari, sau da yawa a haɗu gida guda da 'ya'ya da jikoki. To, in iyayenki ne ko surukanki, ina za ki sauke su?

Aya ta 23 a Suratul Isra'i ta ambaci kyautata wa iyaye dab da tauhidi, ta kuma keɓance lokacin tsufansu. Saboda haka gyara musu muhalli ibada ne.

Ki shawarci maigida a ba su ɗakin ƙasa, kusa da tsakar gida, inda za su riƙa jin motsin jikoki. Kar a kai su kurya kamar kayan ajiya. A sauke dokin ƙofa. A cire tayil mai santsi a banɗaki, a sa masai na zama da ƙarfen dafawa, don faɗuwa ɗaya kan kai tsoho asibitin Shika da karayar ƙugu. A ajiye kujerar salla da fitila kusa da gado.

Ki kuma nemi a ware musu ƙofar baƙi, don ƙannen miji ba muharramanki ba ne.

'Ya'yanki na kallo fa, kuma abin da kika shuka shi za ki girba. Allah Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin.