Sirrin lalitar waya da haƙƙin magada

Jama'a, tun 2024 da guguwar mainin ta Notcoin da Hamster Kombat ta taso, da wuya a sami shago a zangon nan da babu mai Telegram. Guguwar ta lafa, amma manhajar ta zauna: a cikinta ake hira, a cikinta wasunmu ke ajiye kuɗin kirifto.

Iyayenmu fataken goro da shanu ba sa haɗa wurin hira da wurin ajiya. Hira a zaure, kuɗi a hannun maigida. Yanzu duk sun koma ɗaki guda, ƙofarsa kuwa lambar waya ce. Wanda ya yaudare ka ka tura masa lambobin shiga da aka aiko maka, ya samu hirarka, zai kuma roƙi mutanenka kuɗi da sunanka. Kirifto kuwa in ya fita ya fita ke nan, babu manajan banki da za a kai wa kuka. Don haka ɓoye sirri dole ne, ba mu da ja a kan wannan.

Amma ɓoyewar har ina? Lalitar da mutum ke riƙe da mabuɗinta da kansa, mabuɗin kalmomi ne 12 ko 24. In sun ɓata, ko kamfanin da ya ƙera manhajar ba zai iya buɗe ta ba. Mu kuwa matafiya ne, kullum wani na kan hanyar Lokoja. In ta Allah ta kasance, kuɗin na nan a kulle, marayu na gida suna jira. Sau da yawa ma ba nasa ba ne shi kaɗai: akwai na mai kaya a Dawanau, akwai ajiyar wani ɗan garinsu. Shari'a ta ce a biya bashi a zartar da wasiyya kafin rabon gado, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka. A ganinmu, mai riƙe da haƙƙin mutane ba shi da hurumin yin sirrin da zai bi shi kabari.

To, bai wa mutum ɗaya kalmomin tamkar miƙa masa dukiyar ne. Gara a rubuta su a takarda, ban da ɗaukar hotonsu a waya, a raba gida biyu, a damƙa wa amintattu biyu. A haɗa da littafin da ya nuna kuɗin wane da wane ne a ciki, iyali kuma su san sunayen mutanen biyun.