Kukan Wanda Bai San Magani Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a tarukanmu: "Kada ka kawo mana matsala sai ka zo da mafita." Ana jin ta a ofis, ana jin ta a kwamitin masallaci, har a rediyo ma, da zarar mai kira ya fara zayyana damuwarsa sai a tare shi da "To Malam, mene ne mafita?" Magana ce mai daɗin ji, kuma masu faɗinta galibi da kyakkyawar niyya suke yi. Sun gaji da surutun da ba ya haifar da komai. Amma ni na daɗe ina ganin wannan ƙa'ida tana rufe bakin mutanen da suka fi cancanta a saurara, kuma ban ga inda addini ko hankali ya ɗora wa mai kuka wannan sharaɗi ba.

Ni malamin firamare ne. A wani taron iyaye da malamai, wata baiwar Allah ta miƙe daga layin baya, ta zaro littafin rubutun ɗanta daga cikin hijabi, ta buɗe shi tana nuna mana. Shafi bayan shafi yaron ya kwafi abin da ke kan allo tsaf, da rubutu mai kyau. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ta sa ƙaninta ya nuna masa layi ɗaya ya karanta, ya kasa, alhali yana aji biyar. Shugaban taro ya ce, "Hajiya, mun ji. To me kike ganin za a yi?" Ta yi shiru, ta rufe littafin, ta koma ta zauna, aka wuce batun kuɗin gyaran rufi. Matar nan ta kawo mana magana mafi muhimmanci a wannan rana, wato yaranmu suna kwafe ba sa karatu. Sanin yadda za a gyara aikinmu ne mu da muka yi karatun koyarwa, amma muka juya mata tambayar da mu ya kamata a yi wa.

Abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010 ya isa darasi ga duk mai wannan ra'ayi. A ƙauyuka irin su Dareta a ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma a Bukkuyum, ƙananan yara suka riƙa amai, suna jijjiga, suna mutuwa. Aka ba su maganin zazzaɓin cizon sauro, bai yi aiki ba. Babu wanda ya san musabbabin abin a lokacin. Da labarin ya kai ga ma'aikatan ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a watan Maris, su ma ba su zo da amsa a aljihu ba. Abin da suka sani kawai shi ne mutuwar ta wuce misali. Sai da aka gwada jinin yaran sannan aka gano gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna cike da dalma, ana kawo su cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a injin niƙa, ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Binciken da aka yi a waɗannan ƙauyuka biyu ya nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya yara aƙalla 400 ne suka mutu.

Wace uwa ce a Dareta za ta iya zuwa da mafitar wannan? Kalmar dalma ma ba ta taɓa haɗa ta da ciwon ɗanta ba. Da an ce kowa ya yi shiru har sai ya san magani, da har yanzu ana haƙa kaburbura. Maganin ya fito ne daga hannaye da yawa. Masu gwaji suka gano gubar, masu aikin muhalli suka kankare ƙasar tsakar gidaje suka zuba sabuwa, likitoci suka ba da maganin da ke fitar da dalma daga jini. Kowannensu ya shigo ne bayan wani ya riga ya ce akwai matsala.

Garin Bagega, wanda shi ma gubar ta shafa, ya nuna wani ɓangaren. A can likitoci sun san ciwon, sun san maganin, amma ba za su iya fara bayarwa ba, domin yaron da aka yi wa magani ya koma cikin ƙurar nan aikin banza ne. Sai an share garin tukuna, kuɗin sharar kuma ba a hannunsu yake ba. Aka yi alkawarin kuɗi a 2012, ba a sake su ba sai farkon 2013, bayan likitoci da masu kare haƙƙin ɗan Adam da matasa a intanet sun yi ta kuka. Babu ɗaya daga cikinsu da ke riƙe da mabuɗin baitulmali. Murya kawai suke da ita, kuma muryar ce ta motsa masu mabuɗin.

A addini ma hujjar a fili take. Sura ta 58 a Alƙur'ani, Suratul Mujadala, ta samo sunanta ne daga wata mata mai kai kuka. Khaula 'yar Sa'alaba, matar Ausu ɗan Samitu, mijinta ya yi mata zihari, wato ya kamanta ta da mahaifiyarsa, abin da Larabawan jahiliyya ke ɗauka ya haramta mace ga mijinta har abada. Ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana faɗin halinta: ƙuruciyarta ta ƙare a gidan mutumin nan, ga ƙananan yara, in ta bar masa su za su lalace, in ta riƙe su za su ji yunwa. Ba ta zo da fatawa ba, ba ta da shawarar da za ta bayar. A lokacin ma hukunci bai riga ya sauka ba. Ta yi ta maimaita kukanta tana kai ƙara ga Ubangijinta, har ayoyi suka sauka da kaffara: 'yanta bawa, ko azumin wata 2 a jere, ko ciyar da miskinai 60. Hukuncin da malaman fiƙihu ke karantarwa har yau, asalinsa kukan macen da ba ta san mafita ba ne, kuma ba a ce mata ta je ta dawo in ta samo ba.

Ɗaliban Islamiyya da yawa sun haddace hadisi na 34 a Arba'una na Imamu Nawawi, wanda ya jera matakai uku na gusar da abin ƙi: hannu, sannan harshe, sannan zuciya. Wa aka ba matakin harshe? Wanda hannunsa bai kai ba, wato wanda ba shi da ikon gyarawa. Ke nan rashin iya gyara bai sauke wa mutum nauyin magana ba, shi ne ma ya mayar da maganar ta zama aikinsa.

Masu wancan ra'ayi suna da tasu gaskiyar, kuma ban raina ta ba. A littafin nan dai, hadisi na 15 ya umurci mumini ya faɗi alheri ko ya kame bakinsa. Duk mun san mutumin da kullum a majalisa ƙasa ta lalace, shugabanni ɓarayi ne, yaran zamani ba su da tarbiyya, amma ko aikin gayya na yashe kwata ba a taɓa ganinsa ba. Irin wannan yana kashe wa mutane gwiwa, yana sa mai ƙoƙari ya ji kamar wahalar banza yake yi. Sai dai laifinsa ba rashin mafita ba ne. Laifinsa shi ne ba ya son a gyara, kukan ne abincinsa.

Don haka sharuɗɗan da nake ganin sun dace wasu ne daban. Na farko, abin da za ka faɗa ya zama gaskiya wadda ka gani ko ka tabbatar, kamar yadda Suratul Hujurati ta yi umurni da bincike kafin ɗaukar labari. Matar nan ta taron iyaye da malamai ta zo da littafin ɗanta a hannu, ba jita-jita ta kawo ba. Na biyu, ka kai maganar inda za ta yi amfani. Ciwon yaro wurin likita ake kai shi, matsalar unguwa wurin mai unguwa, ba a teburin mai shayi kaɗai ba. Na uku, ka faɗa don a gyara, ba don tozarta wani ba, kuma in aka kira ka neman mafita tare, ka zo. Wanda ya cika waɗannan ya sauke nauyinsa, ko da zai ƙare da cewa "Wallahi ban san yadda za a yi ba." Wannan furuci ba abin kunya ba ne. Imamu Malik da muke bin mazhabarsa ya shahara da cewa bai sani ba a tambayoyi masu yawa, kuma hakan bai rage masa daraja ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ƙa'idar nan take cutarwa. Mai ilimi da muƙami ba ya rasa shawarar da zai kawo, ko da ta fatar baki ce. Wanda ke rasawa shi ne masinja, da leburan gona, da matar da ba ta shiga aji ba, da yaro. Su ne kuma suka fi kusa da matsalar, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In muka ce sai mai mafita zai yi magana, mun zaɓi mu ji waɗanda abin bai taɓa ba, mu toshe kunne daga waɗanda yake ci.

Ina roƙon duk wanda Allah ya ɗora a kan wata kujera, shugaban makaranta ne ko limami ko maigida a gidansa: in wani ya zo maka da damuwa, kada ka fara da tambayarsa mafita. Ka tambaye shi me ya gani, yaushe ya fara, wa ya shafa. Kai kuma ɗan'uwa da ka ga ɓarna ba ka san maganinta ba, ka faɗa, ka faɗa da ladabi, ka faɗa wa wanda ya dace. Wataƙila maganin yana wurin wani da bai san ana ciwon ba.