Wa Zai Biya Mai Zuwa Gida-Gida?

Malaman tarihi sun ruwaito cewa wani dare Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yana gadin wani ayari a Madina sai ya ji jariri yana ta tsala kuka. Da ya bincika sai uwar ta ce yaye shi take yi tun lokaci bai yi ba, domin Baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Gari na wayewa Halifa ya ba da umurni a yanka wa kowane jariri rabonsa tun daga haihuwa.

Abin lura, uwar nan ba ta kai ƙara ba. Shugaba ne ya taka ya same ta. Haka matan rugagen Fulani da ƙauyukan Marnona suke, tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo: kunya da nisa da rashin kuɗin mota sukan tsare mai goyo a ɗaki har zazzaɓi ya ci ƙarfin ɗanta. Saboda irinsu ne ma'aikata ke bin gidaje da damina suna ba 'yan wata 3 zuwa 59 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 1​2 ga ƙarnin nan, wato 2012. Ƙasar nan kuwa ta san irin wannan tattaki tun da daɗewa, domin jajin da Nana Asma'u ta naɗa sun kai karatu ga matan karkara kafin rasuwarta a 1864.

To, amma mai tattaki yana da ciki, yana da iyali. Kaso mai yawa na kuɗin ayyukan lafiya daga ƙetare yake zuwa, kuma an ga yadda Amurka ta dakatar da agajinta a Janairun 2025. Wanda ya ba da don ganin dama yana da ikon janye hannunsa. Shugaba da mawadatan gari ba su da wannan uzuri, domin ceton ran yaro farilla ce a wuyan jama'a.

Wani zai ce a ɗiba daga zakka. A nan akwai takatsantsan, domin a mazhabar Malikiyya zakka hakkin mutanen da aka ambata ne, ba ta zama albashin ma'aikacin lafiya haka kawai. Wakafi ya fi faɗi. Gona guda a fadamar Goronyo, in an tsayar da ita saboda Allah aka damƙa ta ga Hukumar Zakka da Wakafi ta Jihar Sakkwato, albasarta da shinkafarta na iya ɗaukar ladan mace ɗaya mai zagaya rugage kowace shekara.